Zauren Tambaya da Amsa: Kabkabe da Renon Tsiro a Kwalba

Wasiƙun da suka taru a wannan wata sun karkata ga abu guda, wato wani nau'in wake da ba mu saba nomawa ba amma ya fara yawaita a shagunan Legas. Turawa na kiransa cikfi, Larabawa na ce masa hummus, Indiyawa na ce masa cana, mutanenmu da suka zauna a Sudan kuwa sun san shi da kabkabe, musamman a watan azumi da ake dafa shi domin buɗa baki. Da wannan suna na ƙarshe zan riƙa kiransa, don shi ya fi zama a bakin Bahaushe. Na gajarta wasiƙun, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sayar da wake ne a kasuwar Mile 12. Indiyawan da ke zaune a Ilupeju da masu dafa wa 'yan Labanan abinci sukan tambaye ni kabkabe, ni kuwa sai na saro wanda aka shigo da shi daga waje da tsada. Kwanan baya wani ya same ni a rumfa ya ce akwai dashen kabkabe da ake reno a kwalba a ɗakin gwaji, wanda ke yi a kowace ƙasa kuma a kowane lokaci, ya ce in ba da kafin alƙalami ya kawo mini in kai gonarmu ta gida. Shin akwai gaskiya a maganarsa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka riƙe kuɗinka. Mutumin nan ya ɗauko abu na gaskiya ne ya ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba, kuma kafin ka ga inda ya karkace sai na bayyana maka abin da ake nufi da renon tsiro a kwalba.

Kowane manomi ya san idan aka sari karan rogo ko aka yanki reshen dankali aka binne, zai yi saiwa ya zama cikakkiyar shuka. Masana sun bi wannan zare ne har ƙarshensa, suna neman mafi ƙanƙantar yankin da zai iya mayar da kansa shuka. A 1902 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Gottlieb Haberlandt ya ce tantanin halitta guda ɗaya ma ya isa, domin a cikinsa akwai dukan umarnin da ake bukata wajen gina saiwa da kara da ganye. Shi kansa bai iya nuna hakan a aikace ba, saboda a zamaninsa ba a san sinadaran da ke sa tsiro girma ba. Sai a 1957 Folke Skoog da Carlos Miller, a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, suka gwada da karan taba suka ga cewa sinadarai biyu ne ke riƙe da ragamar al'amarin: idan oksin ya rinjaya, yankin sai ya fitar da saiwa, idan saitokinin ya rinjaya, sai ya yi toho, idan kuwa suka yi kunnen doki, sai ya kumbura ya zama wani dunƙulen nama mara siffa da ake kira kalus. A 1962 Toshio Murashige da Skoog suka fitar da haɗin abincin tsiro da ake kira MS, wanda har yau shi aka fi amfani da shi. Ba wani abin sihiri ba ne a ciki. Gishirin ma'adinai ne irin na takin zamani, da bitamin, da sukari giram 30 a kowace lita, da kimanin giram 8 na aga, wani gari da ake samu daga ciyawar teku wanda ke sandarar da ruwan ya kama jikinsa kamar agidi. A kan wannan ake ɗora ɗan yankin tsiron, a rufe kwalbar, a ajiye ta ƙarƙashin fitila.

Wannan hanya ta yi wa ayaba da doya da rogo da dabino rana, domin dukansu ta 'ya'yan gindi ko kara ko yanka ake yaɗa su, cutar uwa kuma takan bi ɗa zuwa sabuwar gona. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta daɗe tana wannan aiki a kan ayaba da doya da rogo. To amma ka yi lissafi irin na kasuwa. Ayabar da aka dasa a tazarar mita 3 da mita 2 ba ta wuce gindi 1,700 a hekta, kuma kowane gindi nono guda yake bayarwa mai nauyi, don haka kuɗin dashe na fita. Kabkabe kuwa a tazarar santimita 30 da santimita 10 ake shuka shi, wato gindi sama da 330,000 a hekta, kowane kwanso kuma ƙwaya ɗaya ko biyu ce a cikinsa. Ko naira goma-goma aka sayar maka da dashen, ka kashe sama da miliyan 3 kafin ka ga fure. Bugu da ƙari, furen kabkabe kansa yake yi wa barbara tun kafin ya buɗe, saboda haka ƙwayar da ka shuka irin uwarta sak take haifarwa. Abin da kwalba ke yi wa ayaba, ƙwaya ta riga ta yi wa kabkabe kyauta.

Batun cewa zai yi a kowace ƙasa kuwa, reno a kwalba ba ya sauya halin shuka. Kabkabe ɗan sanyi ne mai son busasshiyar iska. Idan zafi ya haura digiri 35 a lokacin fure, bununinsa na lalacewa, kwanso ya fito fanko. Idan laima ta yi yawa kamar ta Legas, fumfuna ce ke cinye shi. Shi ya sa a Indiya, wadda ke noma kusan kashi 70 cikin 100 na kabkaben duniya, sai damina ta ɗauke ake shuka shi, a Habasha a kan tuddai masu sanyi, a Sudan kuma a bakin Kogin Nilu lokacin hunturu.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar tsirrai, gidanmu yana Agege. An ba ni aikin kammala karatu a kan renon kabkabe a kwalba. Rabin kwalabena sun yi fumfuna, waɗanda suka tsira kuma sun yi toho amma sun ƙi yin saiwa. Ina nake kuskure?

AMSA: 'Yata, sannu da ƙoƙari. Da farko ki kwantar da hankalinki, domin an haɗa ki da shuka mai taurin kai. Dangin wake gaba ɗaya sun yi suna wajen gardama a kwalba, kabkabe kuma yana sahun gaba a cikinsu.

Fumfuna takan faɗi inda ta fito idan aka dube ta da wuri. Ki riƙa ɗaga kowace kwalba a gaban haske tun daga kwana na uku. Idan farin gashin ya taso ne daga jikin yankin da kika dasa, wankin ƙwayar bai yi ba. Idan ya ɓullo a gefe, nesa da yankin, to daga iska ne ko daga hannunki, watau aikin teburin tace iska ne ke da gyara. Idan kuwa abincin ya gurɓace ko'ina har cikinsa, sai a tuhumi tukunyar tururi, wadda ya kamata ta kai digiri 121 ta zauna a haka minti 15 zuwa 20 kafin a sauke. Wani abu mai yauƙi kamar madara da ke kewaye gindin yanki bakteriya ce, sau da yawa kuma a cikin ƙwayar take tun daga gona. A kowane zubi ki bar kwalba biyu ko uku babu komai a ciki sai abinci. Idan su ma suka lalace, kin san ƙwayar ba ta da laifi.

Wajen wanki, ki zaɓi ƙwaya mai santsi wadda ƙwaro bai huda ba, ki tsoma ta minti ɗaya a cikin alkohol mai ƙarfin kashi 70, sannan minti 10 zuwa 15 a ruwan bilic da aka sirka ya dawo kashi 1 zuwa 2, sannan ki ɗauraye sau huɗu ko biyar da ruwan da aka dafa a tukunyar tururi, ki bar ta ta kwana a jiƙe. Da safe za ki tarar ta kumbura, ɓawon ya yi laushi. Ki zare shi da hantsaki, ki raba ƙwayar biyu kamar yadda ake raba gyaɗa, za ki ga ɗan tayin manne da ɓari ɗaya, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Mahaɗar da ke tsakanin ɗan tayin da ɓarin ita ce dukiyar, domin a nan idanun toho suke kwance. Ganye da saiwa sukan yi kalus da yawa, amma da wuya kalus ɗin kabkabe ya koma shuka, shi ya sa yawancin hanyoyin da suka yi nasara daga wannan mahaɗa suke farawa, a kan MS mai ɗauke da saitokinin irin BAP ko TDZ. Ki yi hattara da TDZ: yana da ƙarfi, idan yanki ya daɗe a kansa sai toho ya fito cunkus, gajere, mai ƙyalli kamar gilashi, ya ƙi miƙewa. Ki kuma riƙa sauya abinci duk mako biyu, domin yankin na tsatso wani ruwa mai duhu da ke kashe shi idan ya taru.

Ƙin yin saiwa ita ce tsohuwar matsalar kabkabe. Akan rage ƙarfin MS zuwa rabi, a cire saitokinin gaba ɗaya, a tsoma gindin tohon da ya kai santimita 3 ko 4 a cikin oksin irin IBA na ɗan lokaci, wasu kuma sun fi samun nasara da abinci mai ruwa-ruwa wanda aka yi wa gada da takardar tacewa. Idan duk ya faskara, akwai dabarar da masu lambun mangwaro suka sani, wato aure: a shuka ƙwayar kabkabe ta yi kamar mako guda, a sare kanta, a tsaga karan, a feƙe gindin tohon kwalba a soka a ciki a ɗaure. Ɗakunan gwaji da dama da wannan suka tsallake matsalar.

Sai batun wuta, wanda littattafan waje ba sa ambata. Ɗakin reno na son digiri 25 ko kusa da haka, da haske awa 16 a yini. Lokacin da nake koyon wannan aiki, an taɓa ɗauke wuta ranar Juma'a da yamma, janareta ya ƙi tashi, babu kuma wanda ya leƙa sai Litinin. Mun tarar kwalabe sun yi gumi ta ciki, tohon da muka yi wata biyu muna lallaɓawa ya langaɓe kamar dafaffen alayyafo. Ki san wanda ke riƙe da makullin ɗakin a ƙarshen mako.

TAMBAYA: Malam, ni malamin kimiyyar noma ne a wata sakandare da ke kusa da Idi-Araba. Na ji ana cewa manomi ba ya bukatar dashen kwalba a shukokin da ake yaɗawa ta ƙwaya. To me ya sa manyan cibiyoyi ke kashe kuɗi a kan renon kabkabe? Ina so in iya yi wa ɗalibaina bayani.

AMSA: Malam, tambayarka ta taɓa zuciyar maganar. Mai cin moriyar kwalba a sha'anin kabkabe shi ne masanin inganta iri, kuma a wurare ƙalilan ne yake bukatarta, wuraren da barbarar gona ta tsaya cik.

Ka fara wa ɗalibanka da tarihin shukar. An fara noma kabkabe kimanin shekara 10,000 da suka wuce a yankin kudu maso gabashin Turkiyya ta yau. Kakansa na daji, Cicer reticulatum, a wani ɗan yanki kaɗai yake fitowa, kuma sai a 1975 masanin Isra'ila Gideon Ladizinsky ya bayyana shi ga duniyar kimiyya. Daga ɗan abin da mutanen farko suka tsinto a wannan yanki aka samu dukan kabkaben da ake nomawa, ƙanana masu duhu da ake kira desi da manya farare da ake kira kabuli. Daga baya manoman wancan zamani suka mayar da shukarsa daga sanyi zuwa bazara domin guje wa cutar ƙunar ganye ta askokayta, sai aka sake zubar da wani kaso na iri. Irin zamani kuma ya zo ya ture na gargajiya da yawa. Sakamakon haka nau'o'in kabkabe sun yi kama da juna kamar 'yan ɗaki ɗaya, masanin da ke neman wanda zai jure wa tsutsar kwanso, wadda ita ce dai ke cin auduga da tumatir a ƙasarmu, sai ya duba dubban iri bai samu mai ƙarfin kirki ba.

Ƙarfin yana wajen dangin daji. Jinsin Cicer ya haura nau'i 40, kuma takwas daga cikin na dajin masu rayuwar shekara guda ne kamar kabkabe. Biyu daga ciki, reticulatum da echinospermum, suna karɓar barbara da na gida ba tare da wahala sosai ba. Amma irin su bijugum da judaicum da pinnatifidum, waɗanda aka samu juriyar cututtuka da ƙwari a jikinsu, nan ne gizo ke saƙa. Masani zai buɗe furen kabkabe da hantsaki tun yana ƙulle, ya tsince mazan da ke ciki, ya shafa bununin na daji, barbara ta kama, ɗan tayi ya fara ginuwa; sai cikin 'yan kwanaki guzurin da uwa ke tanadar masa a cikin ƙwaya ya ƙi haɗuwa, ɗan tayin ya mutu, kwanson ya kaɗe. Abin da ake yi shi ne a riƙa ɗiga sinadaran girma a gindin furen domin kwanson ya ƙara kwanaki a jikin uwa, sannan a tsinke shi, a ciro ɗanyar ƙwayar a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a rene ta a kan abinci, idan ta yi ƙwari a fito da ɗan tayin. Ɗalibanka sun san bakwainin da ake sa wa a kwalba a asibiti. To ceton ɗan tayi ke nan. A ƙarshen shekarun 1990 masanan ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona da aka kafa a 1972 a Patancheru kusa da Haidarabad, wadda ke da ofishi a Kano, sun samu 'ya'yan kabkabe da pinnatifidum ta wannan hanya. Sai dai da yawansu zabiya suka fito, ganyen babu kore, shukar da ba ta da kore kuwa ba ta iya ciyar da kanta da zarar an raba ta da sukarin kwalba. Wannan ya nuna ceton ɗan tayi shinge ɗaya kawai yake tsallakewa, akwai wasu a gaba.

Wuri na biyu batun lokaci ne. Idan aka haɗa iri biyu, zuriyarsu kan fito barkatai, kowane gindi da halinsa, sai an yi ta shukawa ana girbewa kafin hali ya zauna. A kowace zuriya rabin cakuɗar da ta rage ke gushewa: kashi 50 a ta biyu, 25 a ta uku, har ya dawo kusan kashi 3 a ta shida. Inda ake noma sau ɗaya a shekara, shekara shida ke nan kafin a fara gwajin gona. Akwai gajeriyar hanya. Kabkabe na da kuromosom 16, wato zaruruwan da ke ɗauke da halayen gado a cikin tantani, takwas daga uwa, takwas daga uba, amma ƙwayar bununi takwas kawai take ɗauke da su. Idan aka iya sa ta ta zama shuka a kwalba, sannan aka ninka takwas ɗin da sinadarin kolcisin, an samu iri mai zaunannen hali a zuriya guda. Abin sha'awa, da zaƙami aka gano wannan, shukar da iyaye ke hana yara taɓawa: a 1964 Sipra Guha da Satish Maheshwari na Jami'ar Delhi suka ga 'yan tayi na fitowa daga mazan furen zaƙami da suka rena. Tun a 1941 ma da 'yan tayin zaƙami aka gano cewa ruwan kwakwa na sa tsiro girma a kwalba, irin kwakwar nan da ake kawowa daga Badagry. Hanyar ta zauna daram a sha'ir da shinkafa da alkama. A kabkabe kuwa sai a 2009 masana a Saskatchewan ta Kanada suka ba da rahoton samun 'yan shukoki kaɗan, bayan sun gana wa mazan furen azabar sanyi da juyi a na'ura da jan lantarki, kuma adadin bai kai wanda za a gina aikin inganta iri a kansa ba.

A nan ne nake ganin ya kamata ka gaya wa ɗalibai gaskiya: wasu hanyoyin sun sha gaban kwalba. A 2018 masana daga Jami'ar Queensland ta Ostireliya da Cibiyar John Innes ta Ingila suka nuna cewa idan aka ba kabkabe haske awa 22 a yini a ɗaki mai daidaitaccen zafi, ana iya samun zuriya har shida a shekara guda, da tukwane da ƙasa kawai. A 2013 kuma an kammala karanta taswirar gadon kabkabe ƙarƙashin jagorancin ICRISAT, aka lissafa ƙwayoyin gado sama da 28,000, abin da ya ba masani damar ya gwada ɗan ganye ya san halin da shuka ta gada tun ba ta yi fure ba. Da irin wannan zaɓe aka fitar da nau'o'in kabkabe Pusa 10216 a Indiya da Geletu a Habasha, dukansu a 2019, kuma dukansu ta barbarar gona aka same su.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce a Obalende, ina sayen kabkabe saboda maigidana da likita ya ce ya rage shinkafa. Na ji an ce irin kwalba shi ne wanda ake sauya wa halitta, kuma ana amfani da giya wajen yin sa. Hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Abu biyu ne aka cakuɗa miki. Reno a kwalba shi kaɗai ba ya shigar da komai baƙo cikin halittar shuka, ayabar da aka rena ayabar uwarta ce. Abin da kan faru shi ne idan kalus ya daɗe ana juya shi, wasu 'ya'yan kan fito da ɗan bambanci, lamarin da masana suka yi wa suna tun 1981, shi ya sa ake gwada su a gona a zubar da waɗanda suka kauce. Sauya ƙwayar gado kuwa aiki ne daban, sai dai galibi ta kwalba ake yin sa. Dalili shi ne bakteriyar ƙasa da ake aikawa da saƙon, Agrobacterium, tantani kaɗan take shiga, don haka dole a rena waɗannan 'yan kaɗan har su zama shuka.

Labarin ma ya shafe mu. Masanan hukumar bincike ta CSIRO a Ostireliya sun wallafa a 2004 yadda suka shigar wa kabkabe ƙwayar gado daga wani wake domin hana ƙwaron rumbu cin sa, a 2006 kuma wannan rukuni ya wallafa hanyar yin haka ga wakenmu na gida. Wannan aiki ne ya kai ga SAMPEA 20-T, waken da ke jure wa wata tsutsar kwanso daban mai suna Maruca, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019 bayan amincewar hukumar NBMA, wadda aka kafa a 2015 domin sa ido a kan irin waɗannan abubuwa. Kabkabe mai sauyin ƙwayar gado kuwa yana matakin bincike, ba a sake shi ga manoma ba, saboda haka wanda kike saye a shago na barbarar gona ne.

Alkohol da kika ji, irin wanda ake goge hannun mara lafiya da shi kafin allura ne. Ana goge tebur da wuƙa da bayan ƙwaya, ya bushe ko a ɗauraye shi, ba a zuba shi cikin abincin tsiro. Aga kuma daga ciyawar teku yake, babu ƙashi ko fatar dabba a cikinsa. Wannan shi ne bayanin aikin. Hukuncinsa a shari'a sai ki kai wa malaman fiƙihu tare da wannan bayani.

TAMBAYA: Malam, ina aiki a Alaba Rago, amma muna da fadama a wajen Kadawa inda muke alkama. Zan iya shuka wanda ake sayarwa a shago in gwada?

AMSA: Ƙanena, za ka iya, muddin ƙwayar cikakkiya ce, ba ɓararriya ko soyayya ba, kuma ka tsaya a kan 'yan kunyoyi a shekarar farko. Ka ƙirga ƙwaya 100 ka shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa. Idan bayan mako guda waɗanda suka tsira ba su kai 80 ba, ka nemi wata. Ka sani kuma ƙwayar shago ba a san nau'inta ba, cutar askokayta kuma ta cikin ƙwaya take tafiya, don haka ya fi kyau ka leƙa ofishin ICRISAT na Kano ko Samaru ka nemi shawara a kan nau'i mai saurin nuna, irin mai kwana 90 zuwa 100. Ka shuka a Nuwamba tare da alkama domin fure ya faɗa cikin hunturu, kwanso ya cika kafin zafin Maris. Kada ka yi masa ban ruwan alkama, domin saiwarsa ba ta jure kwanciyar ruwa. A kan kunya za ka sa shi, ka bar ƙasa ta sha iska tsakanin ban ruwa da ban ruwa. Idan ka shiga da sassafe ka lasa ganyen ka ji tsami, lafiyarsa ke nan, wani ruwan tsami ne gashin jikinsa ke fitarwa.

Bakteriyar da ke ƙulla ƙululu a saiwar wake da gyaɗa ba ta yi wa kabkabe aiki, yana da tasa mai suna Mesorhizobium, wadda ƙasar da ba ta taɓa ganin kabkabe ba takan rasa, shi ya sa ake cuɗa ƙwayar da garinta kafin shuka. Bayan mako shida ka tono gindi biyu ko uku a hankali, ka wanke saiwar, ka tsaga ƙululun da farce. Idan cikinsu ja-ja ne suna sama wa shukar taki daga iska. Idan babu su, ko cikinsu fari ne, ka ɗan ba ta yuriya.